Kayan da Ake Bari a Ƙarƙashin Gadon Asibiti

Matar da ta kawo ɗanta jinya daga Moriki ko Badarawa, da zarar an ce an sallame su, hankalinta yana kan mota. Tun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki na Zamfara, ba mai son yamma ta yi masa a hanyar Zurmi ko ta Shinkafi. Sai nas ta zo gyara gado ta tarar da buta, ko majanyi, ko cajar waya, wani lokaci har 'yan kuɗi ƙulle a bakin zani.

Gado kuwa ba ya jira. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Inda yara suke haka, kafin a ɗauke wannan an shigo da wani, kuma nas ɗin da ke neman jijiya a hannun jariri ita ce ake so ta tsare kayan wanda ya tafi.

Tsarewar ma ba ɗaya ba ce. Zanin mai amai da gudawa ba a ninke shi a jefa durowa, sai an jiƙa shi a ruwan kulorin, domin ƙwayar kwalara tana bin tufafin da bahaya ya ɓata. Ragowar magani kuma ba a miƙa wa maƙwabcin gado, ko da ciwonsu ya yi kama. Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Katin rigakafin yaro ko takardar sallama ba su da daraja a kasuwa, amma a cikinsu aka rubuta nauyinsa, da maganin da ya sha, da ranar da zai dawo. In suka salwanta, malamin asibitin ƙauye zai fara ne daga tambayar uwa, ita kuwa sai ta ce masa farin magani ne aka ba su.

Mutanenmu ba baƙin hukuncin tsintuwa ba ne. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, tsintuwa ana cigiyarta shekara guda, kuma mai ita sai ya siffanta ta kafin a ba shi. Abin da ya rage shi ne a saukar da wannan cikin aikin ofis: littafi ɗaya a kowane ɗaki, a rubuta kaya da rana da lambar gado, mutum biyu su sa hannu in akwai kuɗi ko waya, a kulle wurin matiron. Sa hannun nan kariya ce ga nas ɗin kanta, don zargin sata ya fi saurin faɗawa kan wanda ya taɓa kaya a ƙarshe.

Wajen neman mai kaya kuwa, lambar waya kaɗai ba ta isa ba. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Don haka tun ranar kwantarwa a rubuta sunan ƙauye da na mai unguwa. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, direbobin ƙauyuka suna shigowa, kuma sun san gidan kowa. Kati a cikin ambulan mai ɗauke da sunan gari zai iya kwana a hannun mai shi a ranar. A Ƙaura Namoda da Zurmi ma akwai tasha, akwai shugabannin direbobi da hukumar asibiti za ta iya zama da su a kan wannan.