Kacalla: ciyawar da ke korar tsuntsaye da shanu daga fadamun gida

'Yan uwa mazauna Kudu, kogin Jama'are da ya ratsa ƙasar Katagum yana malala ne cikin dausayin Haɗeja-Nguru, masaukin tsuntsayen Turai kowane hunturu.

Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 a jihar Kano, wasu sassan dausayin suka daina bushewa da rani, sai kacalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye wurin kiwon tsuntsaye irin su gauraka, wanda dama ya yi ƙaranci. Shanu ma sun rasa makiyaya.

Wuta ba ta kashe saiwarta. Maganinta a yanke ta ƙarƙashin ruwa, a yi gayyar yashe magudanai. In fadama ta mutu, har karar shanun Legas sai ta ji a jika.