Ebute Metta: Ƙofar Da Arewa Ta Bi Ta Shiga Ikko

Mutanenmu da yawa mazauna Agege, Idi-Araba da Obalende sukan ratsa Ebute Metta kullum a cikin mota, ba su san cewa tarihin zuwan kakanninsu Ikko yana kwance a wannan unguwa ba. To, ga bayani domin mai karatu ya san abin da zai tsaya ya duba.

Ma'anar sunan da Yarbanci ita ce mashaya uku, watau wurare uku da kwale-kwale ke tsayawa a bakin ruwa. Awori, wani reshe na Yarabawa, su ne suka fara zama a wurin. Turawan Ingila kuwa sun buɗe wa Ikko wuta daga jiragen ruwa a cikin 1851, kana ran 6 ga watan Agusta, 1861, Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta mayar da garin ƙarƙashin mulkinsu. Abin da ya jawo Turawa shi ne tashar jirgin ruwa.

A cikin 1863 wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara wata 'yar runduna ta Hausawa, waɗansunsu bayi ne da suka gudo, domin tsaron garin. Daga wannan runduna ake lissafin asalin sojan Nijeriya. Shi dai Glover ɗin ne ya ba Kiristocin Egba da suka gudo daga Abeokuta a 1867 matsuguni a Ebute Metta, aka yanka musu filaye da tituna miƙaƙƙu masu ratsa juna. Wanda ya zaga unguwar zai ga titin Kano, da titin Jebba, da hanyar Borno.

Amma abin da ya ɗaga sunan Ebute Metta shi ne reluwe. Daga nan aka soma shimfiɗa hanyar dogo a 1896, ta isa Ibadan a 1901. A 1912 aka haɗa ta da ta Kano, tafiyar kimanin mil 700. Kafin a gama gadar Jebba a 1916, sai an tsallaka da taragai a kan Kwara cikin jirgin fito. Tafiyar da fatake ke yi wata da watanni da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki.

Ta wannan hanya gyaɗa da auduga da fatu suka gangaro zuwa bakin teku, shanu suka zo mahauta, goro kuma ya hau Arewa. Gonakin goro da tashar jirgi su suka tara Hausawa a zangon Agege. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, samarin Arewa sun shiga jirgin ruwa a Ikko zuwa Indiya, daga can suka nufi fagen fama a Bama, ƙasar mabiya addinin Buda. Har ila yau ma'aikatan reluwe, ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne kan gaba a babban yajin aikin 1945.

Mai son ganewa da idonsa sai ya fara da harabar reluwe, inda hedkwatar Hukumar Jiragen Ƙasa take. A ciki akwai Gidan Jaekel, bene da aka gina a 1898 domin babban manajan reluwe. Wata ƙungiyar masu kishin kayan tarihi mai suna Legacy ta gyara shi, a 2010 ya zama ɗan gidan tarihi mai ɗauke da tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe. Kusa da shi ga sabuwar tashar Mobolaji Johnson, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Yuni na 2021, inda jirgi ke tashi zuwa Ibadan a kan sabon layi. Daga nan sai kasuwar Oyingbo, wadda Yarabawa ke buga misali da cikarta. A 2024 an buɗe jirgin cikin gari mai tasowa daga Oyingbo ya bi ta Agege, saboda haka zuwa ya yi sauƙi.

Sai dai akwai abin damuwa. Tun da motoci suka ƙwace jigilar kaya, tsofaffin kawunan jirgi da taragai suka yi ta yin tsatsa a harabar, ga shi kuma ƙasa tana da tsada a Ikko, kowane tsohon gini yana da mai ƙwaɗayin filinsa. Gyara gida ɗaya bai isa ba. Ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su sa baki wajen adana waɗannan kayayyaki, malaman makarantun Agege kuma su riƙa kai yara su gani. Yaron da aka haifa a Agege, wanda wani zai ce masa baƙo, ya cancanci ya san cewa kakanninsa suna cikin tarihin wannan gari tun fiye da shekara 160.