Tiyatar tsayar da gumi: tafin hannu ya bushe, baya ya jiƙe

A Bagudo, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kowa zufa yake yi, daga manomin shinkafa a fadamar Kogin Kwara har ɗan acaɓar da ke jigila daga Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin. Amma akwai waɗanda tafin hannunsu ke ɗigar ruwa ko cikin hunturu. Takardar jarrabawa ta jiƙe, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta JAMB ko ta banki ta ƙi karɓa, gaisawa da hannu ta zama abin kunya.

A intanet ana tallata musu tiyatar da likitoci ke kira ETS. Likita kan huda gefen ƙirji ta wajen hammata, ya zura kyamara, ya yanke ko ya matse jijiyar da ke bin gefen ƙashin baya tana aika wa hannu saƙon yin gumi. Galibi mutum na farfaɗowa hannunsa a bushe ƙayau.

Abin da tallar ba ta cika faɗa ba shi ne gumin kan canja sheƙa. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna ganin ƙarin zufa a baya, ciki da cinyoyi. Wasu kaɗan ne, wasu kuwa sai sun sauya riga sau da yawa a yini. Mai zama ofis mai sanyi zai iya jurewa. Mai yini a gona ko kan babur cikin zafin bazara fa? Jijiyar da aka yanke kuma ba kasafai take komawa yadda take ba. Akwai kuma zufa yayin cin abu mai yaji, raguwar bugun zuciya, da saukar fatar ido ɗaya, wanda bai cika faruwa ba. Koke-koken majinyata suka sa Suwidin ta dakatar da aikin a 2003, Taiwan ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 20 a 2004.

Likitoci sukan fara da maganin shafawa mai sinadarin aluminiyam, sai tsoma hannu a ruwan da ke ɗauke da 'yar wutar lantarki, sai allurar Botox mai aiki na wasu watanni. Wanda guminsa ya fara da girma, ya game jiki ko yake zuwa da dare, gwajin tarin fuka, ciwon suga da maƙoƙo ya kamace shi tukuna, a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.