Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Me Ke Sa Macijin Masara Ya Sauya Hali Dare Ɗaya?

A ƙasar Hausa, da zarar an ambaci maciji, sanda ake nema. Amma a Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai, akwai gidaje masu ɗimbin yawa da ake kiwon wani irin maciji cikin akwatin gilashi, kamar yadda Bahaushe ke kiwon tantabara ko aku. Sunansa macijin masara. Ba shi da dafi, kuma ya yi suna wajen sanyin hali, shi ya sa akan shawarci masu koyon kiwon macizai su fara da shi.

To, a ƙaddara wani ɗalibi a can ya shekara biyu yana kiwon irin wannan maciji. Duk sa'ad da ya miƙa hannu, sai macijin ya hau, ya riƙa ratsa yatsunsa salun-alun. Ran nan ya buɗe akwati kamar kullum, sai macijin ya ja wuya baya ya lanƙwasa shi, ya yi huci, wutsiya na karkarwa, ya kawo masa sara. Abin da zai fara zuwa bakin yaron shi ne, "Maciji dai maciji ne, ba ya sabo." Masana dabbobi masu jan ciki kuwa ba haka suke kallon lamarin ba. A wurinsu, macijin da ya saba da hannu ba ya sauya hali haka siddan. Ko dai wani abu ya canza a jikinsa, ko a mazauninsa, ko kuma a hannun da aka miƙo masa. Gano wannan abu shi ne aikin mai kiwo, domin wani lokaci saran nan shi ne alamar farko ta ciwon da zai iya halaka dabbar in aka yi sakaci.

Asalinsa da siffarsa

Macijin masara ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, daga jihar Niyu Jasi zuwa Filorida, ya yi yamma har Luwiziyana. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara sa shi cikin jerin halittu a 1766. Sunansa na kimiyya a yau Pantherophis guttatus, ko da yake tsofaffin littattafai na kiransa Elaphe guttata, sunan da aka san shi da shi kafin a sake masa rukuni a 2002. Tsawon babba yakan kama daga santimita 90 zuwa 150. Launinsa ruwan goro ne, da manyan tabo jajaye masu baƙin kewaye, cikinsa kuwa dabbare-dabbare ne na fari da baƙi. Wasu na cewa kamannin cikin nan da ƙwayoyin masara mai launi-launi ne ya jawo masa sunan, wasu kuma sun ce don ana yawan samunsa a rumbunan masara ne yana farautar ɓeraye. Kamar mesa, naɗe abin da ya kama yake yi, ya matse shi har ya mutu, sa'an nan ya haɗiye. In ya sami kulawa yakan kai shekara 20, har ya ɗara.

A daji kuwa shi kansa abincin wasu ne, irin su shaho da mujiya da macizan da suka fi shi ƙarfi. Duk halin da yake nunawa idan ya tsorata daga nan ya samo asali. Hannun da ya sauko masa daga sama ba zato ba tsammani, bai da bambanci da shaho a wurinsa.

Matakan gargaɗi

Wannan maciji ba ya farawa da cizo. Dabararsa ta farko ita ce gudu ko ɓuya. In hanya ta toshe, sai ya sandare, ya ja kai baya, wuyansa ya lanƙwashe. Daga nan sai huci da karkaɗa wutsiya, wadda in ta bugi busasshen ganye takan ba da sauti irin na macijin nan mai dafi na Amurka da ke da wata aba kamar caki a ƙarshen wutsiyarsa. In an ɗauke shi duk da haka, yakan saki wani ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiya. Sara shi ne na ƙarshe, sau da yawa ma baki rufe yake kai shi, wato dungure ne kawai na kashedi.

Ya kamata a bambanta cizon tsoro da cizon yunwa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai tsoro yakan ciza ya saki nan take, ya ja da baya. Mai yunwa kuwa yakan biyo hannu yana yawan zaro harshe, in ya kama ya riƙe, har ya nemi naɗe yatsa. Na farko so yake a rabu da shi, na biyu kuwa kuskure ya yi, ya ɗauki hannu ɓera ne.

Dalilai biyar da ake fara dubawa

Na ɗaya, saɓa. Wannan ne dalilin da ya fi yawa. Maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa. Wani siririn murfi ne mai kama da gilashi ya rufe kowane ido, kuma tare da sauran fata ake saɓe shi. Idan lokaci ya gabato, wani ruwa yakan taru tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su. Sai launin jiki ya dushe, idanu su yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa musu madara. A 'yan kwanakin nan macijin ba ya gani sosai, saboda haka kowane motsi abin tsoro ne. Bayan haka idanun kan washe, sai kuma a yi 'yan kwanaki ya tuɓe fatar. Duka-duka abin bai cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. Ƙanana kan yi saɓa kusan kowane wata saboda girma, manya kuwa sau kaɗan a shekara.

Na biyu, ƙanshi da abinci. Da harshe maciji ke sansana duniya. Yana zaro shi ya kwaso burbushin ƙanshi, ya kai wa wata gaɓa da ke dasashin sama, wadda ake kira gaɓar Jacobson. Hannun da ya taɓa ɓera, ko kyanwa, ko tsuntsu, ba hannun da ya sani ba ne. Haka ma in an sauya sabulu ko turare. Bugu da ƙari, idan ba a buɗe akwati sai ranar ciyarwa, macijin zai koyi cewa buɗe ƙofa na nufin abinci. Haka kuma wanda ya ci ya ƙoshi ba ya son a taɓa shi, domin ciki ya yi nauyi, gudu ya yi wuya. In aka matsa masa yana iya amayar da abin da ya ci, wanda kan raunana shi ƙwarai. Don haka ake barinsa aƙalla awa 48 bayan ciyarwa.

Na uku, mazauni. Jikin maciji ba ya haɗa ɗuminsa da kansa kamar na mutum, daga waje yake samu. Masu kiwo kan tsara akwati ya zama gefe ɗaya na da ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma wajen 22 zuwa 24, kowane gefe da maɓuya mai duhu wadda ta yi masa daidai. In na'urar daidaita zafi ta lalace, akwati ya ɗau zafi, sai macijin ya ƙosa, ya yi ta neman mafita. In ya ƙara girma maɓuya ta yi masa kaɗan, ya rasa wurin fakewa ke nan. Matsar da akwati zuwa wani ɗaki, ko kyanwar da ke zama a kan murfi, ko girgizar rediyo mai ƙarfi, duk suna iya firgita shi. Ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgiza ta ƙashin muƙamuƙinsa.

Na huɗu, lokacin barbara. Bayan wucewar hunturu, wato daga wajen Maris zuwa Mayu a ƙasarsa ta asali, namiji yakan ƙi abinci, ya yi ta kai da kawowa. Mace kuwa tana iya ɗaukar ƙwai ko da ba ta haɗu da namiji ba, sai dai irin wannan ƙwai galibi ba ya ƙyanƙyashewa. Takan saka daga 10 zuwa 30, kuma in ta rasa wuri mai danshi da za ta saka su, suna iya maƙale mata a ciki, abin da ke barazana ga rayuwarta.

Na biyar, ciwo. Dabbar da ake farauta takan ɓoye rauninta, shi ya sa sauyin hali kan riga sauran alamu bayyana. A duba ko akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini, dangin kaska, a kewayen ido da ƙarƙashin haɓa, ko cikin kwanon ruwa, domin macijin da suka addaba yakan daɗe kwance cikin ruwa. A duba kumburi ko ruɓa a baki, da kumfa a hanci, da numfashi baki buɗe ko mai ƙara, da ƙuna a ciki, da ragowar saɓa da ta maƙale a ido ko a ƙarshen wutsiya. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a garzaya wurin likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki. Haka nan in babu wata alama a zahiri, amma halin ya zarce makonni tare da rama.

Yadda ake maido da sabo

Mataki na farko shi ne a ƙyale shi kamar mako guda, ban da sauya ruwa da share ƙazanta. A cikin makon sai a auna zafin gefe biyu na akwati da ma'auni, ba da tafin hannu ba, a kuma rubuta ranar ciyarwa da ranar saɓa da duk abin da ya canza a gidan. Sau da yawa wannan ɗan rubutu kaɗai ke tona asirin matsalar.

In an tabbata lafiyarsa lau, sai a koma ɗaukarsa sannu a hankali. A wanke hannu tukuna. A ɗan shafi jikinsa da ƙugiyar macizai ko naɗaɗɗiyar takarda, don ya san ba abinci ba ne ya zo. A sa hannu daga gefe, a tallafo tsakiyar jiki daga ƙasa, ba tare da ɗari-ɗari ba, domin hannun da ke zuwa yana komawa shi ya fi tsorata shi. Ba a kama shi ta wuya ko ta wutsiya, ba a matse shi. Barinsa ake yi yana zarcewa daga hannu zuwa hannu. Minti biyar sun isa da farko, sau biyu ko uku a mako, kuma ya fi kyau a mayar da shi akwati lokacin da ya natsu. Abinci kuwa da dogon hantsaki ake miƙa masa. Duka ko tsawa ba sa koya wa maciji komai sai ƙarin tsoro.

Wannan hanya tana da madogara a bincike. A 1999, David Holtzman na Jami'ar Rocesta a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun wallafa gwajin da suka yi da 'ya'yan macijin masara. Sun sa su cikin wani babban baho mai ramuka takwas, ɗaya kaɗai ke kaiwa ga mafaka, kuma cikin kwana huɗu macizan suka riƙa gano ramin da sauri fiye da ranar farko. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Linkon ta Ingila suka nuna cewa macijin masara da ke zaune a akwati mai wadatar wurin hawa da ɓuya yana iya bambanta ƙanshin mutumin da ya saba da shi da na baƙo. Ke nan dabba ce mai koyo da tunawa, kuma irin mazaunin da aka yi mata na da tasiri a kan haka.

In kuwa cizon ya auku, haƙoransa ƙanana ne, raunin bai wuce na ƙaya ba. In ya riƙe, kada a fizge, don haƙoran a lanƙwashe suke zuwa ciki. Ɗan ruwan sanyi a kansa yakan sa ya saki. Sai a wanke wurin da sabulu. Wanke hannu bayan kowace taɓawa wajibi ne, saboda masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai jawo zawo da zazzaɓi.

Kashedi ga ɗalibai

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi maciji ne marar dafi, haifaffen gida, wanda ba a samunsa a dajin Afirka. Macijin da ɗalibi zai gamu da shi a gona ko bayan aji daban ne. Shi ma dai yana da nasa gargaɗin: kububuwa kan goga jikinta da juna ta ba da sauti kamar na ruwa a kan kasko mai zafi, kasa kan kumbura ta yi huci, kumurci kuwa ya fasa kai ya tofa dafi a ido. Amsar wannan gargaɗi ɗaya ce, a ja da baya a ba shi hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma a Nijeriya asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe ya shahara wajen jinyar waɗanda kububuwa ta sara. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, asibiti za a kai shi da gaggawa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau.

Ɗalibin nan na farko kuwa, da zai sunkuya ya dubi idon macijinsa da kyau, watakila shuɗin nan zai tarar. In ya yi haƙurin kwana goma, zai wayi gari ya ga tsohuwar fata yashe a gefen akwati, macijin kuma ya sake hawa hannunsa kamar da.