Darasin Wasan Kwaikwayo da Shirin Fim a Makarantun Sakandare

Sau da yawa idan yaro ya komo gida ya gaya wa mahaifinsa cewa an sa shi cikin 'yan wasan kwaikwayo na makaranta, sai uban ya ɓata rai. A ganinsa karatu ya aika yaron ya yi, ga shi kuwa an ɓuge da wasa. In yarinya ce abin ya fi tsanani, domin iyaye na tsoron kada ta kangare, ko sunanta ya ɓaci. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Amma ya kamata iyaye su san abin da ake koyarwa a darasin, tun kafin su yanke hukunci a kansa.

Abin ba baƙo ba ne

Da farko dai kwaikwayo ba daga Turai ya zo mana ba. Yaran da ke tashe a watan azumi, su sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho ko malami, wasan kwaikwayo suke yi. Rubuta shi a takarda ne ya zo tare da makarantun boko. A shekarun 1930 Dokta Rupert East ya fito da littafin wasanni shida na Hausa a Zariya. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, sa'an nan Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka fara jin su a rediyon Kaduna kafin su zama littattafai.

Ta fuskar hoto kuwa, dattawa na tune da majigi, watau motar sinima da gwamnati kan aika ƙauyuka a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa manoma Baban Larai. Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo a 1962, sa'an nan a 1977 aka haɗa gidajen a ƙarƙashin NTA. A nan ne irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, suka shiga gidajen mutane. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kankama.

Me ake koya a ajin?

A ƙananan azuzuwan sakandare an haɗa wasan kwaikwayo da kiɗa da zane a darasi guda na al'adu da fasaha. A manyan azuzuwa kuwa ɗalibi kan gamu da shi a darasin adabi, na Hausa ko na Turanci. Abin da ya rage ga makaranta shi ne ta fitar da shi daga littafi, ta sa yara su yi da hannunsu.

A ɗauki aji mai yara arba'in. Waɗanda za su fito a gan su ba su wuce takwas ko goma ba. Sauran fa? Wasu su ne masu rubuta labarin, su raba shi kashi-kashi da fitowa-fitowa, su auna maganar da ta dace da bakin sarki da wadda ta dace da bakin dillali. Ma'aunin da masu sana'ar ke bi shi ne, shafi guda na rubutu ya kan ba da kimanin minti guda na fim. Saboda haka shirin minti goma na bukatar shafi goma da aka rubuta, aka gyara, aka sake gyarawa. Yaron da ya sha wannan wahala ba zai ƙara jin tsoron rubutun insha'i a jarrabawa ba.

Wasu kuma aikinsu kyamara. Za su koyi cewa hoton da ke motsi hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, 24 a kowace daƙiƙa a sinima, 25 a talabijin ɗinmu. Za su koyi lokacin da ake ɗauko mutum daga nesa don a nuna inda yake, da lokacin da ake matsowa kusa da fuskarsa don a ga abin da ke ransa. Za su gane dalilin da ya sa ake son hasken safe da na la'asar, domin ranar tsaka takan jefa inuwa cikin idon mutum, da dalilin da ya sa mai ɗauka kan ba rana baya.

Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne sauti. Mai kallo kan jure hoto mai duhu-duhu, amma da zarar ya kasa jin magana sai ya tashi. Iskar hunturu, da ƙarar janareta, da babur mai wucewa duk sukan ɓata aikin yini guda, don haka a kan ware yaro guda ba ya kome sai saurare. Akwai kuma mai lura da kaya: in an ɗauki ɗan wasa yau da jar hula yana shiga zaure, gobe kuwa za a ɗauki fitowarsa, to, lalle hular nan ce zai sa, karkatarta ma kada ta sāke. Daga ƙarshe mai tace hoto ya zauna gaban kwamfuta ya jera guntayen, ya zubar da mafi yawansu. Wani yaron kuma tun farko yana riƙe da littafin kuɗi da jadawalin lokaci. A lura, mafi yawan waɗannan ayyuka ba a ganin fuskar mai yin su.

Misalin Wuro Patuji

Kada a ɗauka sai makarantun Legas da Abuja ne za su iya. A ɗauki makarantar da ke Wuro Patuji a garin Mubi, Jihar Adamawa. Ba ta bukatar babban zaure. Inuwar bishiya da bencina sun isa dandamali, wayar hannu mai kyamara da ƙaramin makirfo kuwa sun isa ɗaukar shirin minti biyar. Wayar ma tana hannun yaran tun tuni, suna ɗauka suna watsawa ba mai nuna musu daidai. Malami ne zai koya musu cewa ba a ɗaukar mutum sai da izninsa, ba a sa yaro ƙarami a fim sai iyayensa sun yarda, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi. Mutanen nesa da yawa ba su san sunan Wuro Patuji ba sai ta dalilin harin watan Oktoba na 2012, wanda aka kashe mutane da dama, galibinsu ɗalibai. Haka kuma Mubi, an fi tuna ta da mamayar Boko Haram ta ƙarshen Oktoban 2014, kafin a ƙwato ta a Nuwamba. Alhali garin na da kasuwar shanu da ake zuwa daga kudancin ƙasa da Kamaru, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Ga Fulatanci da Hausa da Gude da Fali duk a gari guda. Yaron da ya iya riƙe kyamara shi zai zauna gaban kakarsa ya ɗauki tatsuniya da harshenta, ko ya bi fataken shanu daga asuba har a loda mota.

Abin da iyaye za su nema

Uba na da ikon ya tambayi shugaban makaranta abu uku: wane malami ne ke kula da yaran, wane lokaci ake gwaji, kuma me labarin ya ƙunsa. Ya dace a yi gwaji da rana a cikin makaranta, a sa malama mace tare da 'yan mata, a kuma nuna wa ƙungiyar iyaye da malamai rubutun kafin a fara. Ɗalibin da ya nuna hazaƙa yana da inda zai ci gaba. A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, a ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979, da kuma Kwalejin Talabijin ta NTA. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello na koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970. Jami'o'i kan nemi kiredit biyar, har da Turanci, saboda haka sai a gaya wa yaro tun yana aji huɗu.