Sansani Yakan Tashi, Shararsa Takan Zauna: Darasi Daga Haiti Zuwa Kwarin Rima

A watan Oktoban 2010 cutar kwalara ta ɓarke a ƙasar Haiti. Bincike ya gano cewa ta taso ne daga wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya kusa da garin Mirebalais, inda ƙazantar bayan gida ta malala cikin wani rafi mai zuba a kogin Artibonite. Kimanin mutum 10,000 suka rasu, kuma sai a Disambar 2016 Babban Sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen ƙasar. Waɗanda aka aika su tsare rayuka, sakaci da ƙazantar sansaninsu ya zama ajalin jama'a.

Labarin ya shafe mu, domin mu ma mutanen bakin gulbi ne. Gulbin Rima yana ratsa Argungu ya gangaro Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Da shi muke ban ruwan shinkafa a fadama, a cikinsa Sarkawa ke su, a bakinsa ake wanka da alwala. Kuma muna da namu sansanonin na wucin gadi: taron bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada, wanda aka fara a 1934, da sansanin alhazai, da matsugunan waɗanda ambaliya ta kora kamar a daminar 2020, da ayarin masu rigakafi da ke kwana a ƙauyuka. Kowannensu yakan watse, ya bar juji a baya.

Abin da ya halaka mutanen Haiti ruwan masai ne, maganinsa kuwa rami mai kyau nesa da gulbi. Amma sansani yana da wata sharar mai haɗari: allurai da sirinji, audugar da ta sha jini, bandeji, da ragowar magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na sharar wuraren jinya mai cutarwa ce. Domin irinta aka ƙera injin ƙona shara na tafi-da-gidanka, wanda ake ja a tirela ko a girke cikin kwantena, yana aiki da man dizal.

Injin yana da ɗaki biyu. A na farko shara take cin wuta ta koma toka. A na biyu hayaƙin da kansa ake sake ƙonawa da zafin da ya kai digiri 850 ko fiye, kafin ya fita ta bututu. A nan ya bambanta da wutar bola da muka saba hurawa da yamma. Wutar bola ba ta da ƙarfi, tana cin roba da leda sama-sama, tana fitar da guba irin su dayoksin, wadda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta lissafa cikin sinadarai masu daɗewa a ƙasa da jikin ɗan Adam. Allura kuma takan fito daga tokar da tsininta, ta jira ƙafar yaro mai tsince-tsince.

Sai dai injin yana da sharuɗɗa. Dole a ware shara tun daga tushe, allurai su shiga akwatinsu na musamman. Ba a jefa masa batir, ko gwangwanin feshi, ko ma'aunin zafin jiki mai zaiba. A bar shi ya yi zafi sosai kafin a ɗura, a girke shi nesa da gidaje, a binne tokar a ramin da ambaliya ba ta kaiwa. Idan aka tsuke man dizal, ya koma bola mai tsada.

Don haka muna kira ga duk hukumar da ke kafa sansani a Jihar Kebbi da ta sa kuɗin kawar da shara cikin kasafi tun farko, tare da na abinci da rumfuna, ta kuma naɗa wanda za a tambaya ranar tashi. Filin da aka sauka aro ne daga masu gari, ruwan kuma haƙƙin na ƙasa da mu ne, daga Argungu har Yawuri. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.