FASHIN BAƘI: Tseren babur na Tsibirin Man, tsakanin tsautsayi da sakaci

A ranar 4 ga Yuni, 2022, wasu Faransawa biyu, César Chanal da Olivier Lavorel, suka yi mummunan haɗari jim kaɗan da tashinsu a tseren babur mai ƙafa uku na gasar TT da ake yi a Tsibirin Man. Masu shirya gasar suka sanar da cewa Lavorel ya mutu, Chanal kuma yana asibiti. Bayan kwana huɗu suka dawo suka ce an yi kuskure, wanda ya mutu Chanal ne. Shi ma Lavorel bai tashi ba, ya cika a watan Oktoba. Kwana shida bayan haɗarin nasu, a daidai wurin da ake kira Ago's Leap, uba da ɗansa, Roger da Bradley Stockton, suka rasa rayukansu a kan babur ɗaya. Mutum shida gasar ta ci a wannan shekara.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: babu wanda aka tilasta wa hawa. Gaskiya ne. Sai dai tarihin gasar ya nuna cewa ba kowane haɗari ne mahayi ya zaɓa wa kansa ba.

Wace irin hanya ce?

Tsibirin Man yana cikin tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan, mazaunansa sun ɗan haura dubu 80. Yana ƙarƙashin masarautar Birtaniya, amma yana da majalisarsa mai suna Tynwald. Wannan 'yancin ne ya haifi gasar. A farkon ƙarni na 20 dokar Birtaniya ta hana tsere a kan titunan jama'a, sai majalisar tsibirin ta yi dokar da ta ba da damar rufe tituna domin tsere a 1904. An fara TT a 1907, aka koma kan hanyar dutsen Snaefell a 1911.

Tsawon zagaye ɗaya kusan kilomita 61 ne, da kwana fiye da 200. Titi ne da motocin haya da 'yan makaranta ke bi kullum, ya ratsa ƙauyuka, ya bi ta ƙofar gidaje, ya hau dutse ya sauko. A gefensa akwai katangun dutse, bishiyoyi da turakun lantarki. A 2023 Peter Hickman ya kammala zagaye cikin minti 16 da daƙiƙa 36, wato matsakaicin gudun kilomita 219 a awa. A miƙaƙƙun wurare gudun kan wuce kilomita 300. Tun daga 1911, mahaya fiye da 260 ne suka mutu a kan wannan hanya, idan aka haɗa TT da ƙanwarta Manx Grand Prix.

Me ya bambanta ta da filin tsere?

Faɗuwa daga babur ba ita ce ta fi kashe mahayi ba, abin da ya daka bayan ya faɗi shi ne matsalar. Shi ya sa filayen da aka gina domin tsere, irin na gasar duniya ta MotoGP, suke barin sarari mai faɗi a bayan kowace kwana, a zuba tsakuwa, a sa shingen da aka hura wa iska, domin mutum ya zame har gudunsa ya mutu kafin ya tarar da bango. Idan wuri ya ci rai kuwa, ana iya sauya shi. Da Daijiro Kato ya mutu sakamakon haɗari a Suzuka ta Japan a 2003, gasar ba ta sake komawa filin ba. Da Luis Salom ya mutu a filin Kataloniya a 2016, a cikin wannan makon aka karkatar da hanya daga kwanar da ya faɗi.

A Tsibirin Man babu wannan damar. Ba za a rushe gidajen mutane domin tseren mako biyu ba, kuma ba za a iya lulluɓe kilomita 61 da katifa ba. Manyan mahaya sun daɗe da gane haka. Bayan mutuwar Gilberto Parlotti a 1972, abokinsa Giacomo Agostini, zakaran duniya na wancan zamani, ya ce shi da TT har abada, wasu kuma suka bi sahunsa. Daga 1977 aka cire tseren daga jerin gasar duniya, aka mayar da zagayen Birtaniya filin Silverstone. Tun daga nan babu mahayin da neman kambun duniya ke tilasta wa zuwa tsibirin.

Ina hannun masu shiryawa?

A nan ne hujjar "shi ya zaɓa" take gazawa. A 2007, shekarar da gasar ta cika 100, babur ɗin Marc Ramsbotham ya ƙwace a zagayen ƙarshe, ya mutu tare da 'yan kallo biyu. Jami'in da ya binciki musabbabin mutuwar ya yi kakkausar suka kan yadda aka tsara gadin wurin. Ɗan kallo dai bai sa hannu a takardar yarda da mutuwa ba.

A ranar 30 ga Mayu, 2018, Dan Kneen, ɗan asalin tsibirin, ya mutu a lokacin atisaye. Aka ɗaga jar tuta, aka tsayar da sauran mahaya, sannan aka umarci wasunsu su juya su koma ta inda suka fito. A daidai lokacin wata motar jami'an gasar tana sheƙa gudu zuwa wurin haɗarin. Ta yi taho-mu-gama da Steve Mercer, ya samu munanan raunuka. Mercer bai yi ganganci ba, umarni ya bi. An gudanar da bincike, amma ba a fitar wa jama'a cikakken rahoton ba.

Tambayar tana da nauyi saboda gwamnatin tsibirin ce da kanta ke tallata gasar, kuma dubun-dubatar baƙin da ke zuwa duk shekara babbar hanyar samun kuɗi ce ga otal-otal, jiragen ruwa da 'yan kasuwa. Idan mai cin ribar abu shi ne kuma ke riƙe da ikon rufe titi dominsa, dole jama'a su nemi ganin abin da bincike ya gano, ba taƙaitaccen bayani kawai ba.

Me aka gyara?

Bayan abin da ya sami Mercer, an hana mahaya komawa ta baya ba tare da rakiyar jami'ai ba, an kuma sa wa motocin gasar na'urar nuna inda suke. Da aka dawo a 2022 bayan hutun annobar korona, an zo da sabon tsarin kula da tsaro: an rage yawan masu shiga kowane tsere, an kafa allunan lantarki masu nuna jar tuta, an tsaurara ƙa'idar kayan kariya. Abin lura shi ne, a wannan shekarar ce aka rasa mutum shida. Gyaran yana rage kuskuren ma'aikata, amma bai matsar da katanga ko taku ɗaya ba.

Ba a tsibirin kaɗai ake wannan lissafin ba. A Ailan, inda tseren kan titi ya zama gado, tsadar inshora ta sa an soke tsere da dama a 2023. Abin da mutuwar mahaya ba ta tsayar ba, kamfanonin inshora sun kusa tsayar da shi.

Su kuwa mahayan ba su nuna alamar ja da baya ba. Joey Dunlop, wanda ya lashe TT sau 26, ya mutu a wani tsere a Estoniya a 2000. Ƙaninsa Robert ya mutu a 2008, William ɗan Robert ya bi su a 2018, dukansu a kan titi. Michael, ƙanin William, ya ci gaba da hawa har ya zarce tarihin baffansa a 2024. Irin waɗannan sun san katangar dutse tana nan, kuma sun amince da ita. Abin da ba su amince da shi ba, kuma bai kamata a jingina wa ƙaddara ba, shi ne mota ta fito musu a gaba bisa umarnin jami'i, ko a kira iyali a yi musu ta'aziyyar wanda yake da rai.